Tambaya: Cursor na Oracle OLAP yana jan ƙafa a reshenmu na Nguru, ina ne wurin gyara?

Sanusi_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon duk wanda ya taɓa ɗebo bayanai daga kiyub na Oracle OLAP, wato ma'ajiyar bayanai mai fuskoki da yawa da ake ginawa don rahoto, ta hanyar Java.

Ni ke kula da manhajar rahoton ciniki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi nan Kano, ta wajen kasuwar Singa. Sukari, shinkafa, taliya, man girki, sabulu, irin waɗannan. Muna da rassa 25, daga Sakkwato har Yobe. Rumbun bayananmu Oracle 19c ne, sabar tana hedikwata. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya gina kiyub da Analytic Workspace Manager mai fuska uku: kaya, reshe da lokaci. Abin da ake aunawa shi ne ciniki a naira. Manhajar da manajoji ke buɗewa a kwamfutocinsu da Java aka rubuta ta, kuma tana magana da sabar kai tsaye ta olap_api.jar.

Rahoton farko yana nuna manyan kaya 40 a layuka, watanni 12 a tsaye, ga kowane reshe. Ga yadda aka haɗa tambayar da ake aika wa sabar:

Source tambaya = ciniki.join(wata).join(kaya).join(reshe);

Daga nan sai a yi commitCurrentTransaction, a ƙirƙiri CursorManager, a karɓi Cursor, wato abin da ake bi da shi a karanta sakamakon ɗaya bayan ɗaya, a yi ta kiran next har sai ya ƙare, ana zuba komai a JTable, wato teburin da ke fitowa a allo, sannan allo ya buɗe. A ofishinmu na Kano kafin ka ɗauke hannu daga linzamin kwamfuta ya fito. A Nguru kuwa, inda muke amfani da intanet na tauraron ɗan Adam saboda netwok ɗin waya ba ya tsayawa a unguwar da sito yake, manaja ya ce yana danna maɓalli ya je ya yi alwala ya dawo bai gama ba. Na auna da kaina ta waya, ya haura minti ɗaya.

Matsala ta biyu daban ce. Shugabanmu yana son sabon rahoto: a kowane reshe a nuna duk kayan da cinikinsa na shekara ya wuce naira miliyan ɗaya, daga cikin kaya kusan 3,000 da muke da su. Yana so a ƙasan allo a rubuta "shafi na 1 cikin kaza". Na kira getExtent don in san jimillar sakamakon, sai ya jefo mini kuskuren NotSpecifiedException. Da na kunna setExtentCalculationSpecified a kan duk wani specification, wato saitin Cursor, da na samu, kuskuren ya ɓace, amma yanzu ko a nan Kano shafin farko sai ya ɗauki lokaci kafin ya fito.

Shin yawan ɗiba, wato adadin da ake ɗebowa daga sabar a tafiya ɗaya, zan ƙara zuwa dubu goma sha biyu in huta, ko akwai abin da ya fi haka? Don Allah a taimaka, ƙarshen wata ya kusa kuma da wannan rahoton ake lissafin ladan manajoji.

Hajiya_Bilki:

Wa alaikumus salam Malam Sanusi. Na riƙe irin wannan aiki shekaru a wani banki a Kaduna, bari in ɗauki matsalarka ta farko don ita ce na fi sani.

Sabarka lafiya take, kiyub ɗinka ma lafiya yake. Nisa ne ke cin lokacin.

Cursor na wannan API ba ya riƙe sakamakon tambaya gaba ɗaya a hannunsa. Yana tsaye ne a madadin sakamakon duka, amma abin da ke cikin memorin kwamfutar manaja ɗan yanki ne kawai. Idan ka matsa zuwa matsayin da ba ya cikin yankin nan, CursorManager ne ke komawa sabar ya ɗebo na gaba, ba tare da kod ɗinka ya sani ba. Idan ba ka taɓa komai ba, yawan abin da yake ɗebowa a tafiya ɗaya 100 ne. Za ka iya tabbatarwa da kanka, ka kira getDefaultFetchSize a kan specification na tushe ka buga amsar.

To yi lissafi tare da ni. Kaya 40 sau watanni 12 sau rassa 25, gurbi 12,000 ke nan. A raba da 100, tafiya 120. Tauraron da irin wannan intanet ke amfani da shi yana can sama da kilomita 35,000 daga ƙasa, saƙo sai ya hau ya sauko, amsa ma ta hau ta sauko, shi ya sa kowace tafiya da dawowa takan ci wajen kashi shida cikin goma na daƙiƙa ko da layin babu kowa a kai. Tafiya 120 a wannan farashi daƙiƙa 72 ne. Ga mintinka ɗaya da ɗoriya nan. A ofishin Kano tafiyar ba ta kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa babu wanda ya taɓa lura. Kamar a aiki yaro rafi mai nisa da moɗa ne ya cika randa: ruwa bai yi ƙaranci ba, zirga-zirgar ce ke cinye yini.

Amma kada ka sa 12,000. Na san zai rage lokacin, amma manajan Nguru zai zauna yana jiran cinikin Sakkwato da na Gusau su iso kwamfutarsa, alhali shi shafi ɗaya yake kallo. Kuma ran da aka ƙara rassa ko aka ce a nuna shekara uku, tsohuwar kwamfutarsa mai memori giga huɗu ita za ta ɗauki nauyin.

Ka fara da tambayar kanka: allo ɗaya gurbi nawa yake nunawa? A wajenka 480 ne, wato 40 sau 12. Shi ne yawan ɗibarka, ko ninkinsa biyu idan kana son shafi na gaba ya riga ya iso. Kana iya sa shi a kan Cursor na tushe da setFetchSize(480), ko ka sa shi tun kafin nan da setDefaultFetchSize a kan specification na tushe. Na tushe nake ta nanatawa, domin shi ne CompoundCursor da ke jan sauran.

Sai abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci. Ka daina zagaye Cursor har ƙarshe kafin ka buɗe allo. Tsarin join ɗinka ya riga ya yi maka rabin aiki. Wanda aka haɗa a ƙarshe shi ne mafi jinkirin canzawa, wato reshe, wanda aka haɗa da farko kuma shi ne mafi saurin canzawa, wato wata. Ma'ana gurbi 480 na farko duk na reshe ɗaya ne, a jere, layi bayan layi. Matsayi yana farawa daga 1 ne ba daga sifili ba, don haka reshe na bakwai yana farawa a shida sau 480 a ƙara ɗaya, wato 2,881. Ka kira setPosition(2881), ka karanta 480, ka tsaya. Tafiya ɗaya ko biyu ta ishe ka.

Da an juya tsarin an sa reshe ya zama mai saurin canzawa, da shafi ɗaya ya warwatsu a cikin gurbi 12,000 ɗin duka, kuma babu yawan ɗibar da zai cece ka. Duk wanda ke karanta wannan yana shirin gina tambaya, ya duba wannan tun daga farko.

Ƙaramar shawara ta ƙarshe tunda da Swing, kayan gina allo na Java, aka yi manhajar: kada ka sa setPosition a cikin getValueAt na teburin. In ka sa, duk lokacin da Cursor ya koma sabar allon zai sandare. Ka ɗebo shafin a cikin SwingWorker, mai yin aiki a bayan fage ba tare da tsayar da allo ba, ka zuba shi a jeri, teburin ya karanta daga jerin.

Isuhu_Tudunwada:

Hajiya ta gama da na farko, ba ni da abin ƙarawa. Bari in taɓa na biyu.

Malam Sanusi, NotSpecifiedException da ka gani ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi ta. Oracle OLAP ba ya ƙirga yawan sakamako sai ka ce masa ya ƙirga, saboda ƙirgawar tana da tsada. A rahotonka na farko yawan a bayyane yake. A na biyu fa? Kafin sabar ta san layuka nawa ne, dole ta bi kaya 3,000 a rassa 25, ta tara cinikin shekara na kowanne, ta gwada shi da miliyan ɗaya. Haɗi 75,000 ke nan kafin ta iya ce maka "shafi 1 cikin kaza". Da ba ka nemi adadin ba, ba za ka tilasta mata ta kai ƙarshe kafin ta ba ka layukan farko ba. Kai kuma ka kunna shi a kan kowane specification, har da na 'ya'yan, ka ninka mata aikin.

Ka lura da bambancin rahotannin nan biyu, don daga shi komai ke fitowa. Na farko daidaitacce ne: kowane reshe yana da layi 40, kowane layi yana da wata 12. A irin wannan ba ka buƙatar getExtent a kan babban Cursor ko kaɗan. Idan ma ba ka san yawan rassa ba, ka yi ɗan ƙaramin Cursor a kan zaɓin rassa kaɗai, ka kunna ƙirga a kansa, abu 25 ne, ba zai ji ba. Sai ka ninka da kanka. Na biyu kuwa ba daidaitacce ba ne. Reshen Kano na iya samun kaya ɗari uku da suka haura miliyan, na Nguru ya samu ashirin. A nan lissafin ninkawa na Hajiya ba zai yi aiki ba, idan ka matsa masa ma sai ka faɗa PositionOutOfBoundsException ko, mafi muni, ka nuna kayan wani reshe a ƙarƙashin sunan wani.

Ga yadda ni zan yi. Ka samo specification da createCursorInfoSpecification daga DataProvider. Tunda tambayarka tana da fuskoki, abin da zai dawo CompoundCursorSpecification ne. Ka kira getOutputs a kansa. Na farko a jerin shi ne mafi jinkirin canzawa, wato reshe. A kansa kaɗai za ka kunna setParentStartCalculationSpecified da setParentEndCalculationSpecified. Sauran ka bar su a kashe. Sai ka miƙa specification ɗin ga createCursorManager. Ka tuna, kafin a ƙirƙiri CursorManager ake wannan saiti, ba bayan an karɓi Cursor ba.

Abin da za ka samu: a duk inda kake tsaye, Cursor na reshe zai gaya maka da getParentStart da getParentEnd a wane matsayi reshen nan ya fara a cikin uwar, wato babban Cursor, a wane ya ƙare. Ka cire na farko daga na biyu ka ƙara ɗaya, ka san layukan reshen. Kana son tsallakawa zuwa reshe na gaba? setPosition a kan ƙarshen da ƙarin ɗaya. Da wannan kana iya rubuta "shafi na 2 cikin 8" na reshen da ake kallo, wanda ina zaton shi ne ainihin abin da manaja ke buƙata. Shi ma ba kyauta ba ne, shi ya sa na ce a kan fuska ɗaya kawai.

Idan kuma kana da ikon magana da shugaban naku, ka tambaye shi ko zai yarda da maɓallin "na gaba" da "na baya" kawai. In ya yarda, ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikin ƙirge-ƙirgen nan. Ka karanta layi 40, ka kira next sau ɗaya ƙari. In ya dawo da false ka kashe maɓallin gaba. Sunan reshe ma ba sai ka nemi farko da ƙarshensa ba, ka riƙe ƙimar da ta gabata ka gwada da ta yanzu, in ta canza ka buga sabon kai. Yawancin masu neman jimillar shafuka ba sa duba ta, sun saba ganinta ne a wasu manhajoji.

Wani abu a gefe: idan ka je neman misalai za ka ci karo da kod mai CursorManagerSpecification da getRootCursorSpecification. Wannan salon zamanin 10g ne. Daga 11g aka koma wanda na faɗa maka.

Nafi'u_Samaru:

Yaya Sanusi, da izinin manya, ni ina ganin ana gyaran reshe ne an bar tushe.

Me ya sa kwamfutar Nguru za ta riƙa magana da rumbun bayanai kai tsaye ta tauraro tun farko? Ka ɗauke kod ɗin Java ka ajiye shi a Kano kusa da sabar, ya zama ƙaramar manhajar yanar gizo. Cursor ya yi zirga-zirgarsa 120 a cikin ɗaki ɗaya, babu wanda zai ji. Nguru ta aiko buƙata ɗaya, ta karɓi shafi ɗaya a burauza. Ga shi kuma ka huta da ajiye kalmar sirrin rumbu a kwamfutoci 25.

Na biyu, Oracle da kansu sun sanar tun fitowar 21c cewa OLAP ɗin nan, har da API ɗinsa na Java, ya shiga jerin abubuwan da za a daina ci gaba da su. Abin da suke nuna wa mutane yanzu shi ne Analytic Views, wanda ya zo da 12.2, kuma da SQL zalla ake tambayarsa. Fasahar nan ta tsufa, asalinta Express ne da Oracle ya saya a 1995. Ko a yau ma, tun 11g kiyub yana zuwa da nasa view da za ka yi masa SELECT kamar kowane tebur, ka yi shafi-shafi da OFFSET da FETCH NEXT tunda 19c kake. Kowane yaro da ya gama digiri a kwamfuta ya iya SQL. Masu iya Source da Cursor a Arewa ba na jin sun cika mota ɗaya.

Hajiya_Bilki:

Nafi'u, maganarka ta farko gaskiya ce, kuma ita ce gyaran dindindin. Amma mutumin nan yana da ƙarshen wata a gabansa. Sauya layi uku na kod da sake gina manhaja ba ɗaya ba ne, ka bar shi ya fitar da rahoton ladan mutane tukuna.

Kuma kada ka ɗauka komawa SQL zai raba ka da wannan magana. Direban JDBC na Oracle 19c, wanda Java ke aika SQL ta cikinsa, layi 10 kacal yake ɗebowa a tafiya ɗaya in ba ka canza ba. Da Malam Sanusi ya juya tambayar nan ta koma SELECT ya bar ta a kwamfutar Nguru, da tafiya 1,200 zai yi maimakon 120. Ƙirga jimilla ma haka, COUNT a kan tambaya mai tacewa sai ya bi komai. Duk hanyar da ya bi, sai ya zauna ya yanke nawa zai ɗebo da abin da zai sa sabar ta ƙirga.

Malam Sanusi, na manta abu ɗaya da zai yi maka amfani. Manajan Nguru reshensa kawai yake gani, ko? To kada ma ka sa rassa 25 a tambayarsa. Ka yi amfani da StringParameter ka gina Source daga gare shi, ka zaɓi reshe da shi. In ana son wani reshe sai ka kira setValue a kan parameter ɗin, ka mayar da Cursor matsayi na 1, ba sai ka sake gina tambaya ba. Haka nan NumberParameter guda biyu da interval za su yanko maka kaya na 41 zuwa na 80 tun daga sabar. Da parameter ɗin reshe, rahotonka na biyu ya sauko daga haɗi 75,000 zuwa 3,000, kuma a wannan girman ko ka kunna ƙirga a kan tushe ba zai dame ka ba.

Sanusi_Fagge:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da Malam Isuhu. Nafi'u ma na gode, na rubuta maganarka a takardar da zan kai wa shugaba bayan rufe lissafin wata.

Ga inda nake. Na sa reshe ya zama parameter, yawan ɗiba 480, ɗebowa a cikin SwingWorker. Manajan Nguru ya kira ni da kansa ya ce yanzu daƙiƙa biyu zuwa uku ne. A rahoto na biyu na kunna ƙirga a kan tushe kaɗai tunda reshe ɗaya ne a lokaci guda, shugaba ya samu "shafi na kaza cikin kaza" da yake so. Allon hedikwata ne kawai ke nuna rassa duka, a can na bi hanyar Malam Isuhu ta farko da ƙarshen reshe.

Saura abu biyu. Sunayen kaya suna fitowa da dogon rubutu mai alamar :: a tsakani, sunan tsari, sunan mataki, sannan lambar kaya. Na haɗa siffar bayanin kaya da zaɓin kaya don in samu "Sukari buhu 50kg", sai kod ya faɗi da ClassCastException a wurin da nake mayar da abin da getOutputs ya bayar zuwa ValueCursor. Na biyu, a watannin da reshe bai sayar da wani kaya ba, shafin yana tsayawa a nan ya ƙi ci gaba.

Isuhu_Tudunwada:

Madalla. Duka biyun sananniyar matsala ce.

Dogon rubutun nan shi ne cikakkiyar ƙimar mamba, tsari da mataki da lamba, don kada lambar kaya ta yi karo da lambar rukuni. Da ka haɗa siffar bayani da zaɓin kaya, abin da ya fito Source ne mai nasa fuskar, don haka a cikin jerin getOutputs wurin kaya ya zama CompoundCursor a cikin CompoundCursor. Ka gwada da instanceof kafin ka mayar. In CompoundCursor ne, getValueCursor nasa zai ba ka "Sukari buhu 50kg", getOutputs nasa kuma zai ba ka lambar. Specification ma haka yake sauka, don haka in ka taɓa haɗa sunan reshe ta wannan hanya, ka duba cewa saitin farko da ƙarshe yana kan wanda kake kira.

Amma tunda layinka na Nguru mai tsada ne, ni ba zan haɗa sunan a babbar tambaya ba. Sunayen kaya ba sa canzawa kullum. Ka ɗebo su sau ɗaya idan manhaja ta buɗe, da nasu Cursor mai babban ɗiba, ka ajiye a HashMap, lamba zuwa suna. Babbar tambaya ta zauna yadda take, lissafin matsayinka ma bai taɓu ba.

Na biyun kuma gurbi ne marar ƙima, abin da OLAP ke kira NA. Ka kira hasCurrentValue kafin getCurrentValue, in ya ce babu ka wuce. Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka buga sifili a wurin. Sifili yana nufin an loda bayanan watan kuma ba a sayar ba. NA na iya nufin reshen bai aiko da bayanansa ba tukuna, ko ba a taɓa kai masa kayan ba. Tunda da rahoton nan ake biyan lada, ka sa ɗan layi a gurbin, sannan ka tambayi mai lissafinku ko watannin da ba su da ƙima suna shiga cikin matsakaicin shekara ko ana tsallake su, domin amsarsa za ta canza kuɗin da manajan Nguru zai karɓa.